Ɗalibi a Birnin Alƙahira: Karatun Aji da Karatun Gari



Mai girma shugaban wannan zama, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata da suka baro ayyukansu suka zo, sai kuma ƙannena ɗalibai da ke shirin tafiya ƙasar Masar karatu, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro bisa kyakkyawan zaton da suka yi mini, har suka ce in zo in faɗi abin da na sani game da zaman ɗalibi a birnin Alƙahira. Allah ya saka musu da alheri.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Duk ɗalibin da Allah ya kai Alƙahira, makarantu biyu aka sa shi. Ta farko ita ce wadda ta ba shi gurbi, take yi masa jarrabawa, take ba shi takardar shaida. Ta biyu kuwa garin ne da kansa, da ƙasar da ke kewaye da shi. Ta farko ita ce dalilin tafiyarku, kuma ba a wasa da ita. Amma wanda ya bar ta biyun ya yi asarar da ba a mayarwa. Zan kasa bayanin gida bakwai, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku.

Na ɗaya: ba ku ne farau ba

Kafin ku ɗauki jaka, ku san sawun wa za ku taka. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina musu makaranta da masauki a Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren birnin, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, ana karantar da fiƙihun Malikiyya a cikinta. A shekarar 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a hanyarsa ta aikin hajji, marubutan Masar suka daɗe suna ba da labarinsa. A masallacin Azhar, cikin sassan da aka ware wa ɗaliban ƙasashe daban-daban, akwai sashen mutanen Barno. A ƙarshen ƙarni na 15 Imam Suyuɗi ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ciki har da na Katsina da na Agadas.

Sai kuma wani bawan Allah da nake so kowane ɗalibi ya riƙe sunansa: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, wato Bakatsine. Masanin lissafi ne da ilmin taurari. Ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce, ya rasu a can a shekarar 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ku dubi wannan da kyau. Mutumin Katsina ne ya je birnin malamai, malaman suka karɓe shi a matsayin malami.

Me ya sa na fara da wannan? Domin mai jin cewa shi baƙon banza ne a gari, raɓe-raɓe yake yi. Wanda kuwa ya san kakanninsa sun zauna a wurin da mutunci, da ƙafa biyu yake takawa. Waɗancan bayin Allah watanni suka yi a bayan raƙumi suna keta Sahara. Ku kuwa sa'o'i kaɗan za ku yi a jirgin sama. Idan su da wahalarsu sun buɗe ido sun ga gari, wane uzuri ke gare mu?

Na biyu: watannin farko

Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20. Ranar da kuka fara fita, hayaniyar motoci da cunkoso za su iya sa ku ji kamar ku koma ɗaki ku kulle. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa ya ji haka. Abin da za a yi shi ne a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Farkon abu takardu. Takardar izinin zama, wadda kowa ke kira iƙama, ita ce gaba da komai. Ku fara nemanta da wuri, ku lura da ranar ƙarewarta, kada ku bari ta mutu a hannunku. Ku ɗauki hoton fasfo da iƙama da takardar makaranta ku ajiye a waya, ku kuma bar kwafi a hannun iyaye a gida. Ku kai sunanku ofishin jakadancin ƙasarku. Zan gaya muku dalili idan mun zo gaba.

Sai masauki. Wasunku za su samu ɗaki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda Azhar ke saukar da ɗaliban ƙasashen waje. Wasu za su kama haya a Madinatu Nasar, a Hayyul Ashir ko Hayyus Sabi'i, inda 'yan Afirka suke da yawa. Wasu kuma a Darrasa, kusa da masallacin Azhar. Ko'ina kuka sauka, ku yi makon farko kuna zagaya unguwar da ƙafa. Ina masallaci? Ina mai burodi? Ina kantin magani? Ina tashar mota? Wanda bai san unguwarsa ba, ba zai san birni ba.

Sai harshe. Da yawanku kun yi nahawu da sarfu, kuna jin Larabcin littafi. Ku shirya, direban mota ba da shi zai yi muku magana ba. Mutanen Masar suna da Larabcinsu na yau da kullum, wanda suke kira ammiyya. Na san akwai masu cewa koyonsa yana ɓata fasaha. Ni ban ga haka ba. Ku riƙe Larabcin littafi a aji da gaban malamai, ku koyi na titi domin ciniki da tambayar hanya da zuwa asibiti. Da wane baki za ka gaya wa likita inda ke maka ciwo idan ba ka jin tambayarsa?

Abinci kuma ba zai ba ku wahala sosai ba. Wake da burodi da safe, da ɗa'amiyya, da koshari da rana, su ne abincin talaka da ɗalibi, suna da araha kuma suna riƙe ciki. Za ku tarar da kuɓewa da lalo da zoɓo a kasuwa. Iyayenmu mata, ku sa musu kuka da daddawa da yaji a jaka, za su yi muku addu'a. Ku kuma sa musu rigar sanyi mai kauri, domin sanyin Disamba zuwa Fabrairu a can yana shiga ƙashi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira metro. An buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka. Layi na ɗaya yana tafiya daga Halwan zuwa Marg, na biyu daga Shubra ya ƙetare kogin Nilu zuwa Giza, na uku kuma ya bi ta Abbasiyya da Ataba. Akwai taragun da aka keɓe wa mata. Ku haddace taswirarsa tun a watan farko. Duk wanda ya iya metro ya samu mabuɗin rabin birnin, kuma da kuɗi kaɗan.

Na uku: yadda ake karanta gari

Akwai ɗalibin da zai yi shekara biyar ko shida a Alƙahira, iyakarsa ɗaki, aji, da gidan abincin 'yan gida. Da Hausa ya kwana, da Hausa ya tashi. In ya dawo ka tambaye shi masallacin Ibn Ɗulun, sai ya ce ya dai ji labari. Wannan ya je bakin kogi ya yi taimama. Akwai kuma wanda yawo ya ɗauke masa hankali, kullum yana manyan kantuna da wuraren shaƙatawa, har jarrabawa ta zo ta same shi hannu rabbana. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma maganinsu ɗaya ne: tsari.

Ga shawarata. Ku ware yini ɗaya a kowane mako biyu, Asabar misali, tunda Juma'a da Asabar ne hutun mako a can. Kafin ku fita, ku karanta shafi biyu ko uku a kan wurin da za ku. Ku bi birnin bisa jerin tarihinsa, daga tsoho zuwa sabo, domin Alƙahira ba a rana ɗaya aka gina ta ba.

Ku fara da Fusɗaɗ. A nan sahabi Amru ɗan Asi ya kafa sansani bayan buɗe Masar, ya gina masallacinsa wajen shekarar 641, masallaci na farko a ƙasar. Ku sauka a tashar Mar Girgis. A 'yar tafiya kaɗan za ku ga tsofaffin majami'un Kiristocin Kibɗawa da wani tsohon wurin ibadar Yahudawa, duk a unguwa guda da masallacin. Daga nan ku leƙa tsibirin Rauda ku ga ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a 861. Rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, a dā da ita ake auna cikar kogi a kowace shekara, daga nan a san yadda noma zai kasance, a kuma yanke harajin da manomi zai iya biya. Ɗalibin fiƙihu, ga babin haraji a gabanka an gina shi da dutse.

Fita ta biyu, masallacin Ahmad Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879. Fili ne mai faɗi da natsuwa, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take, tana naɗe da ita. Ta uku, birnin Faɗimiyyawa. Kwamandansu Jauhar ne ya aza harsashin Alƙahira a 969, ya fara ginin Azhar a 970, aka fara salla a ciki a 972. Ku shiga ta ƙofar Babul Futuh, ku bi titin Mu'izzu har ku fita ta Babu Zuwaila. A kan hanya za ku wuce ginin Sarki Ƙalawun na wajen 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibitin da a dā ake duba marasa lafiya kyauta. Ku tsaya a nan ku tambayi kanku: da wane kuɗi aka riƙe wannan asibiti shekaru aru-aru? Amsar ita ce waƙafi. To mu me ya hana mu?

Ta huɗu, ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176 a kan tudu, inda za ku hango birnin gaba ɗaya. A gindinta akwai masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356. An gina shi da makarantu huɗu a kusurwoyinsa, kowace mazhaba da tata, filin salla kuma ɗaya. Ina so ku daɗe a wannan wuri. Mu da saɓanin fahimta ke raba mu masallaci, har ya raba mu gaisuwa, muna da abin koyo a ginin nan.

Ta biyar, maƙabartar Ƙarafa. Malamaina da ke zaune a nan sun san sunayen da zan ambata fiye da ni. A nan Imam Shafi'i yake kwance, wanda ya rasu a 820. A nan Ibnul Ƙasim yake, almajirin Imam Malik da aka gina Mudawwana a kan riwayarsa. A nan Ibn Hajar mai Fatahul Bari yake, da Ibn Aɗa'illahi mai Hikam. Ku tuna kuma cewa Shehu Halil mai Muhtasar mutumin Alƙahira ne, haka Jalalaini biyu da ake karanta tafsirinsu a masallatanmu duk watan azumi, Mahalli da Suyuɗi, Misirawa ne. Masallacin Shehu Dardir yana nan a lungun bayan Azhar. Littattafan da kuka durƙusa a zaure kuka karanta, a waɗannan unguwanni aka rubuta da yawansu. Ku je ku yi musu addu'a, ku ga inda suka rayu.

Kada kuma ku tsaya a tarihin Musulunci kaɗai. Dalar Giza, wadda babbarta ta kai kimanin shekara 4,500, tana nan a gefen birni. Akwai gidan tarihi na dandalin Tahrir da aka buɗe a 1902, da na Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin dā guda 22 a shekarar 2021. Na taɓa jin mai cewa me Musulmi zai je yi wurin kayan Fir'auna. Amsata ita ce: zai je wa'azi. Ka tsaya a kan gawar sarkin da ya mallaki ƙasa da ruwa, ga shi a akwatin gilashi yara suna leƙensa. Wace huɗuba ce ta fi wannan ratsa zuciya? Ku riƙa tafiya da katin ɗalibi, domin a yawancin waɗannan wurare ana yi wa ɗalibai rangwame mai yawa.

Sai littattafai. A bayan Azhar akwai lungun Darbul Atrak, shaguna ne na littattafan addini da na Larabci. A kusa da Ataba akwai kasuwar Azbakiyya ta tsofaffin littattafai. Kowace shekara kuma, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, ana yin baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969. Ku fara tara kuɗinsa tun watanni kafin ya zo, ku je da jerin abin da kuke buƙata a rubuce. A cikin masallacin Azhar kansa ana zaman karatu kyauta a gaban manyan malamai. Wannan ba ya cikin jadawalin jarrabawa, amma da yawa daga cikin waɗanda suka dawo da ilmi mai kauri, a nan suka samo shi.

Na huɗu: mutanen gari

Gine-gine ba su ne gari ba, mutane ne. Misirawa mutane ne masu son hira da barkwanci, masu taimakon baƙo idan ya tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. In azumi ya zo za ku ga an jera tebura a tituna ana ciyar da duk wanda ya zo wucewa, ba a tambayar sunansa ko ƙasarsa. Ku yi abokai a cikinsu. Ku yi abokai kuma cikin ɗaliban Indonesiya da Maleshiya da Senegal da Somaliya da sauran ƙasashe, domin ba lallai ku sake samun wurin da ya tara muku duniya a aji ɗaya haka ba.

Amma ba zan ɓoye muku ba, za ku gamu da abin da ba daɗi. Wani yaro zai jefe ku da kalma saboda launin fatarku. Wani mai kaya zai ninka muku farashi don ya ga baƙi ne. Abin yana da ciwo, kuma ba daidai ba ne. Kada ku rama da hannu, domin baƙo ne ke kwana a ciki idan rigima ta kai ga hukuma. Kada kuma ku yanke wa al'umma guda hukunci da laifin mutum ɗaya. In abu ya wuce gona da iri, ku kai ƙara ga hukumar makaranta da shugabannin ɗalibai.

Ku nisanci siyasar ƙasar, a baki da kuma a waya. Kada ku ɗauki hoton sojoji ko 'yan sanda ko gine-ginensu. Ƙannena mata, ku yi amfani da taragun mata, ku fita ku biyu ko uku, ku sanar da wata inda za ku. Ban ce ku zauna a ɗaki ba. Haƙƙinku na ganin Azhar da Ƙarafa da kasuwar littattafai daidai yake da na 'yan'uwanku maza. Ku kuma maza, ku zame musu garkuwa da mutunci.

Na biyar: shirin tafiye-tafiye

Masar ba Alƙahira kaɗai ba ce. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma tafiyar da aka shirya ake nufi. Abu huɗu ake dubawa: lokaci, kuɗi, abokin tafiya, da takardu.

Lokaci: hutu biyu gare ku, na tsakiyar shekara a ƙarshen Janairu, da dogon hutun bazara. Kudancin ƙasar, wato Luksor da Aswan, da sanyi ake zuwa, domin da bazara zafinsu yana haura digiri 40. Bakin teku kuma ya fi daɗi idan gari ya ɗumama. Ba a tafiya ana saura wata ɗaya jarrabawa, komai arahar tikiti.

Kuɗi: a nan iyaye su saurara da kyau. A watan Yunin 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. A watan Maris na 2024 kuma darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga wajen 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50, kayan masarufi suka yi tsada. Wato lissafin da wani ya ba ku na shekarun baya ba zai yi aiki yau ba. Ɗalibi ya raba kuɗinsa kashi-kashi: haya, abinci, littattafai, sabunta iƙama, da ajiyar ko-ta-kwana da ba a taɓawa. Abin da ya ragu shi ne na tafiya. Ba a cin bashi don yawon buɗe ido. Sannu ba ta hana zuwa, tafiya ɗaya a shekara ta isa.

Abokin tafiya: ku zaɓi mai kula da salla, mai kula da lokaci, wanda ba ya jawo rigima. Mutum uku zuwa biyar sun fi sauƙin sarrafawa, kuma kuɗin masauki yana raguwa. Takardu kuwa, fasfo da iƙama mai rai su kasance a jikinku, domin akwai shingayen bincike a manyan hanyoyi.

To ina za a je? Ku fara da Iskandariyya, tafiyar sa'o'i kaɗan a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Can za ku ga Bahar Rum, da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da ganuwar Ƙaitbai ta ƙarni na 15, da kabarin Imam Busiri mai Burda. Wata shekarar ku nufi Isma'iliyya ko Bur Sa'id ku ga mashigin ruwan Suwes da aka buɗe a 1869, ku tsaya ku ga manyan jiragen ruwa suna ratsa tsakiyar hamada, ku fahimci dalilin da ya sa duniya ba ta ɗauke ido daga Masar. Idan kun tara abin da ya isa, ku hau jirgin dare zuwa Luksor, inda aka gano kabarin Sarki Tutankamun a 1922, ku zarce Aswan, kusan kilomita 900 daga Alƙahira. A can za ku ga babbar madatsar ruwa da aka gama a 1970, ku kuma haɗu da mutanen Nuba, baƙaƙen fata masu tsohon tarihi, waɗanda ruwan madatsar ya tashi garuruwansu da dama. Ku tambaye su, ku ji abin da ci gaba ke ba mutane da abin da yake karɓewa. Ku riƙa leƙa taga a jirgi: kore a bakin kogi, rairayi a bayansa. Ƙasar da ruwan sama bai cika sauka ba tana noma sau biyu ko uku a shekara. Mu da muke da Tiga da Bakolori da Goronyo, me muke yi da namu ruwan?

Na shida: tafiyar da ba a yi

Akwai tafiye-tafiyen da nake roƙonku da girman Allah ku bar su. Na farko, zuwa hajji ba da izini ba. Kusancin Masar da Saudiyya yana sa wasu su shiga da bizar ziyara su laɓe har lokacin hajji. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. In Allah ya hore muku umara ko hajji, ku bi ta halastacciyar hanya.

Na biyu, duk wanda ya zo muku da zancen Libiya da tsallaka teku zuwa Turai, ku guje shi ko da ɗan garinku ne. Na uku, yankunan da hukuma ta hana baƙi shiga, irin arewacin Sina'i da wuraren kan iyaka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na yi muku alkawarin dalilin kai suna ofishin jakadanci. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. 'Ya'yanmu da ke karatu a Sudan suka wayi gari cikin harbe-harbe. Aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can cikin wahala kafin a ɗauko su ta Aswan zuwa Abuja a farkon watan Mayu. Ba fata muke yi ba, Allah ya zaunar da Masar lafiya. Amma a irin wannan rana, wanda sunansa ke cikin rajista, fasfonsa na hannunsa, yana da 'yar ajiya, shi ake fara samu.

Na bakwai: abin da za ku kawo mana

Ku sayi littafin rubutu tun ranar farko. Duk inda kuka je, ku rubuta abin da kuka gani, da abin da kuka tambaya, da amsar da aka ba ku. Hoto yana da amfani, amma hoto ba ya tunani. Ku rubuta yadda ake tafiyar da waƙafi, yadda ake adana rubutattun littattafai na dā, yadda jirgi ɗaya ke kwashe dubban mutane. Ku rubuta har abin da bai burge ku ba, irin hayaƙi da cunkoso da ginin da ke cinye gonaki, domin garuruwanmu ma girma suke yi, kada mu faɗa ramin da wasu suka faɗa.

Muna da ganuwar Kano da ke zaizayewa, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da masallacin Agadas, da dubban takardun malamanmu da gara ke ci a cikin adudu. Wanda ya ga yadda wasu suka riƙe nasu, shi zai dawo ya ji zafin namu. Takardar shaida taku ce da iyayenku. Buɗewar ido kuwa ta al'umma ce, kuma muna jiran rabonmu.

Iyaye, in yaro ya kira ya ce yana son kuɗin zuwa Iskandariyya ko baje kolin littattafai, kada ku ce yawo ya je yi. Ku tambaye shi sakamakon jarrabawarsa, ku tambaye shi da wa zai tafi, in amsar ta gamsar, ku taimaka gwargwadon hali. Ku kuma ƙannena, ku riƙe amanar da aka ba ku. Ku sa karatun aji a gaba, ku bi shi da karatun gari, ku tsare sallarku da mutuncinku da sunan ƙasarku.

 Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku ilmi mai amfani, ya dawo mana da ku lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya, ko ƙarin bayani, ko gyara, musamman waɗanda suka zauna a Masar a cikinmu, bismillah, ina saurare.